Austin Bradford Hill (1897–1991): Masanin Ƙididdigar da ya Shigar da Ƙuri'a cikin Gwajin Magani

Kafin hukuma ta amince da sabon magani a yau, akwai tambayoyi biyu da take buƙatar a amsa mata: da me aka kwatanta maganin, kuma wane ne ya zaɓi majiyyatan da aka ba shi? Amsar da duniyar likitanci ta tsaya a kanta ita ce a raba majiyyata gida biyu, a ba rukuni ɗaya maganin, a bar ɗayan a kan abin da aka saba, sannan a bar wa ƙuri'a ta yanke wanda zai shiga kowane rukuni. Wannan hanya ta sami gindin zama ne a Birtaniya tsakanin 1946 da 1948, kuma mutumin da aka fi danganta ta da shi, wato Austin Bradford Hill, bai taɓa zama likita ba. Cutar da ta hana shi karatun likitanci ita ce ya yi gwajinsa mafi shahara a kanta.

Asali da tasowa

An haifi Hill a Landan ranar 8 ga Yuli, 1897, a gidan ilimi. Mahaifinsa, Leonard Hill, farfesa ne na ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ya yi suna wajen nazarin awon bugun jini da kuma ciwon da kan kama masu nutso idan suka taso daga ƙarƙashin ruwa da gaggawa. Rowland Hill, wanda ya kawo tsarin kan sarki na kwabo ɗaya a gidan wayar Birtaniya a 1840, shi ma daga danginsu yake. Burin yaron tun yana makaranta shi ne ya zama likita, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gitta. A 1916 ya shiga rundunar jiragen sama ta sojan ruwa a matsayin matuƙi, aka tura shi tsibiran Girka, inda tarin fuka ya kama shi a 1917. An mayar da shi gida ne ba tare da an sa rai zai tashi ba, domin a wancan zamani cutar ba ta da magani. Abin da likitoci ke iya yi bai wuce kwantar da mutum a gado na tsawon watanni ba, ko kuma su hura iska cikin ƙirjinsa don huhun da ya kamu ya lanƙwashe ya huta. Haka aka yi masa, kuma da yake yana da sauran kwana, ya tashi bayan shekaru na jinya.

Jikin da ya tashi da shi ba zai jure wahalar makarantar likitanci ba, don haka ya karanta tattalin arziki daga gida, ya sami digirin Jami'ar Landan a 1922. Major Greenwood, masanin ƙididdigar cututtuka wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin mahaifinsa, shi ya ja shi a jiki ya samo masa aikin bincike, ya kuma halarci darussan Karl Pearson na ƙididdiga. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana bin diddigin rashin lafiyar ma'aikata: masaƙan auduga na Lankasha, ma'aikatan maɗaba'a, direbobin bas na Landan, da masu tace ƙarfen nikel a kudancin Wales. Aiki ne na ƙirga takardun hutun ciwo da rajistar mutuwa, ba shi da wani armashi, amma a nan ya koyi yadda adadi kan yaudari mai gaggawa. A 1933 ya zama babban malami a Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, kuma da Greenwood ya yi ritaya a 1945, shi ya gaji kujerarsa.

A 1937 mujallar The Lancet ta buga jerin maƙalunsa kan ƙididdiga don likitoci, waɗanda aka tattara a wannan shekarar suka zama littafin Principles of Medical Statistics. Ƙarfin littafin shi ne sauƙin harshensa. Ya ɗauki mai karatu a matsayin mai hankali wanda ke tsoron lissafi. Abin lura shi ne a wannan bugu Hill bai matsa wa likitoci a kan ƙuri'a ba, alhali R. A. Fisher ya riga ya kafa ta a gwajin noma tun shekarun 1920. Abin da ya nema a wurinsu kawai shi ne su riƙa ba majiyyaci na farko magani, su tsallake na biyu, su ba na uku. Ya san mutanensa: likitan da bai yarda da buƙatar kwatance ba tukuna, ba za a fara masa da zancen ƙuri'a ba.

Gwajin sitiraftomaisin

A 1943 aka gano sitiraftomaisin a Jami'ar Rutgers ta Amurka, a ɗakin binciken Selman Waksman, ta hannun ɗalibinsa Albert Schatz. Shi ne magani na farko da ya nuna yana kashe ƙwayar tarin fuka a jikin mutum. Birtaniya ta fito daga yaƙi babu dala a hannunta, abin da baitulmali ya iya saya kilo 50 ne kacal, wanda ba zai ishi ko kaɗan daga cikin masu buƙata ba. Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta kafa kwamiti a 1946 a ƙarƙashin Geoffrey Marshall, da Philip D'Arcy Hart a matsayin sakatare, Marc Daniels yana zagaya asibitoci, Hill kuwa yana riƙe da tsarin ƙididdiga.

Ƙarancin maganin ne ya buɗe ƙofa. Hujjar Hill ita ce tunda dole wasu su rasa, mafi adalci shi ne kada son ran kowa ya zaɓi masu samu, kuma a yi rabon ta yadda za a koyi wani abu daga gare shi. Kwamitin ya san inda iyaka take. Masu tarin fukan da ya hau ƙwaƙwalwa ko ya bazu cikin jini, duk an ba su maganin ba tare da rukunin kwatance ba, domin kusan babu mai tsira daga waɗannan, ko mutum ɗaya ya rayu an ga aikin magani. Tarin fukan huhu kuwa daban yake. Wasu kan warke da hutu kawai, kamar yadda shi kansa Hill ya warke, saboda haka idan an ba mutum magani ya tashi, babu mai iya cewa maganin ne ya tashe shi.

An ɗauki majiyyata 107, 'yan shekara 15 zuwa 30, waɗanda cutar ta kama huhunsu biyu kuma take ci gaba da sauri. An fara karɓarsu a Janairun 1947. Mutum 55 sun sami allurar sitiraftomaisin, giram biyu a kullum har wata huɗu, tare da hutun gado. 52 kuwa hutun gado kaɗai. Hill ya tsara rabon daga jadawalin lambobi marasa tsari, aka rufe sakamakon kowace lamba cikin ambulan a babban ofishi. Sai an tabbatar majiyyaci ya cika sharuɗɗa an rubuta sunansa, sannan a buɗe ambulan ɗinsa a sanar da asibiti.

A wannan ɓoyewar ne hikimar take. Tsarin ba wannan a tsallake wancan yana da ɓaraka, domin likita ya san rabon wanda zai shigo na gaba. Idan ya ga yarinya mai tsananin ciwo kuma layin na marasa magani ne, tausayi zai sa ya jinkirta rubuta ta zuwa gobe. Ba sai ya yi niyyar maguɗi ba. Kyakkyawar zuciya kaɗai ta isa ta karkatar da rukunan biyu har kwatancen ya lalace. Ambulan ɗin ya raba likita da wannan dama. An kuma ba ƙwararru uku hotunan ƙirjin majiyyatan su karanta, kowa shi kaɗai, ba tare da sanin wanda ya sami magani ba.

Masu nazarin Hausa za su ga cewa tunanin ba baƙo ba ne. Kalmar ƙuri'a, wadda Hausa ta aro daga Larabci, kafin siyasa ta mamaye ta da ma'anar zaɓe, tana nufin abin da ake jefawa idan an kasa abu kashi-kashi, kamar naman watanda, don kada mai rabo ya fifita nasa, kuma littattafan fiƙihu sun san ta a babin rabon dukiya. Ita ce ta fi dacewa da abin da Hill ya yi, fiye da canki-canka, wadda ke ɗauke da ma'anar wasa, balle caca, wadda za ta kori duk wani uba daga sa hannu a takardar gwaji.

Sakamakon ya fito a British Medical Journal ranar 30 ga Oktoba, 1948. Cikin wata shida, mutum 4 daga cikin 55 masu magani suka rasu, a ɗaya rukunin kuwa 14 daga cikin 52. Hoton ƙirji ya nuna babban sauƙi ga kashi 51 cikin ɗari na masu magani, da kashi 8 kawai na sauran. Amma gwajin ya tono abin da murna za ta iya rufewa. Maganin yana taɓa kunne ya jawo jiri, sannan cikin majiyyata 41 da aka auna, ƙwayar cutar ta bijire wa maganin a jikin 35. Da aka waiwaye su bayan shekara biyar, fiye da rabin kowane rukuni sun rasu, tazarar ta kusa shafewa. Wannan ya kai ga gwaji na gaba, wanda aka buga a 1950, inda aka haɗa sitiraftomaisin da wani magani mai suna PAS, aka ga bijirewar ta ragu ƙwarai. Daga nan ƙa'idar haɗa magunguna a jinyar tarin fuka ta samo asali. Da irin wannan hanya aka yi gwajin Madras a Indiya, wanda sakamakonsa na 1959 ya nuna jinya a gida ba ta gaza ta asibitin keɓewa ba, sannan gwaje-gwajen Gabashin Afirka na shekarun 1970 suka rage tsawon jinya zuwa wata shida, wato tsarin da asibitocin Nijeriya da Nijar ke bi har yanzu.

Taba da sankarar huhu

Akwai tambayoyin da ƙuri'a ba ta isa gare su ba, domin babu mai raba mutane gida biyu ya umarci rabi su sha taba shekara talatin. A 1947 Majalisar Binciken Likitanci ta nemi Hill ya binciki dalilin hauhawar sankarar huhu a Birtaniya, ya ɗauki wani matashin likita, Richard Doll, suka fara aiki a 1948. Abubuwan da aka fi zargi su ne hayaƙin motoci, kwaltar tituna da hayaƙin kwal. Taba ba ta ja hankali sosai ba, domin kusan maza huɗu cikin biyar suna sha, har da Hill da lofensa, da Doll da sigarinsa. Sun sa aka yi wa majiyyata tambayoyi a asibitoci 20 na Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu ne kawai ba sa shan taba, alhali cikin maza 649 masu wasu cututtuka an sami 27, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan karan da mutum ke zuƙa. An buga wannan a Satumban 1950, 'yan watanni bayan Wynder da Graham sun buga makamancinsa a Amurka.

Masu suka sun ce mai ciwo yana iya ƙara gishiri idan aka tambaye shi abin da ya wuce. Martanin Hill shi ne a tambayi mutane tun suna da lafiya, sannan a jira. Ya zaɓi likitoci, saboda sunansu yana rajista, ba sa ɓacewa, kuma idan abin ya tabbata a kansu za su fi saurin gaskatawa. A Oktoban 1951 aka aika wa likitocin Birtaniya gajeriyar takardar tambaya, kimanin 40,000 suka amsa. Rahoton farko na 1954 ya nuna mutuwar 36 ta sankarar huhu, kuma dukkansu mashaya taba ne. An ci gaba da bin waɗannan likitoci har shekara hamsin, rahoton 2004 ya nuna mai shan sigari tsawon rayuwarsa yakan yi asarar kimanin shekara goma.

Hukuma ba ta yi gaggawa ba. Ministan lafiya Iain Macleod ya amince da alaƙar a taron manema labarai a 1954 yana zuƙar sigari ɗaya bayan ɗaya, kuma baitulmali na samun kuɗi mai yawa daga harajin taba. Fisher shi ya zama babban mai adawa, yana cewa wataƙila wata ɗabi'a ta gado ce ke sa mutum son taba kuma take jawo masa sankara. A lokacin yana ba kamfanonin taba shawara. Sai a 1962 Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da rahotonta, Babban Likitan Amurka ya biyo baya a 1964, aka hana tallar sigari a talabijin ɗin Birtaniya a 1965. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba ta zo a 2003, dokar Nijeriya kuwa a 2015.

Wannan jayayya ce ta haifi laccarsa ta Janairun 1965 a Ƙungiyar Likitanci ta Sarauta, kan yadda za a bambance abin da ke tafiya tare da cuta da abin da ke haddasa ta. Ya kawo fuskoki tara na dubawa, daga ciki akwai ƙarfin alaƙar, maimaituwarta a wurare daban-daban, zuwan sanadi kafin cuta, da ƙaruwar cuta idan sanadin ya ƙaru. Littattafan karatu sun mayar da su sharuɗɗan da ake bi ana sa alama, abin da shi kansa ya yi gargaɗi a kai, domin ya bayyana cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke yanke hukunci shi kaɗai. Sashen laccar da aka fi mantawa shi ya fi amfani ga masu tsara manufa: nauyin hujjar da ake buƙata ya danganta da abin da za a rasa. Ƙaramar hujja ta isa a dakatar da maganin laulayin ciki, amma sai da babbar hujja za a nemi jama'a su bar abin da suka saba da shi. Ya kuma nuna cewa kasancewar ilimi bai cika ba, ba uzuri ne na ƙin aiki da wanda ke hannu ba.

Yardar majiyyaci

A nan ne tarihin Hill yake da tabo. Ba a gaya wa majiyyatan 1947 cewa suna cikin gwaji ba, kuma mutum 52 na rukunin kwatance sun yi zamansu a asibiti ba su san akwai ambulan da ya hana su allura ba. Ana iya cewa al'adar zamanin ce. Sai dai ko a 1963, lokacin da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ke tsara abin da ya zama Sanarwar Helsinki ta 1964, Hill ya yi rubutu yana jayayya cewa neman yarda ba dole ba ne a kowane hali, musamman idan likita da gaske bai san wanne ya fi cikin magunguna biyu ba. Damuwarsa ita ce kada a tsoratar da mai ciwo da bayanin da ba zai fahimta ba. Hujjar tana da rauni, domin ta bar wa mai bincike ikon yanke abin da majiyyaci zai iya fahimta, wato irin ikon da shi Hill ya ƙwace daga hannun likita wajen rabon magani.

Ƙasar Hausa ta ga inda wannan rauni ke kaiwa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 sun rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce an yi musu bayani da baki sun amince. Shari'ar ta ƙare da sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009, kuma ana lissafa lamarin cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wani ɓangare na matsalar na harshe ne. Kalmar gwaji ita ake faɗa wa awon jini, ita kuma ake faɗa wa jarraba sabon magani, ta yadda uwa za ta iya amsa ɗaya tana nufin ɗayan. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, amma fassara takardar yarda zuwa Hausar da mai jinya zai gane aiki ne da ke kan masana harshe.

Hanyar kanta ba ta tsufa ba. A Maris na 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, suka fara gwajin RECOVERY a asibitocin Birtaniya kan cutar korona. Cikin wata uku suka nuna cewa haidiroksikulorokwin, wanda aka yi ta yayatawa, ba ya rage mutuwa, alhali dekisametazon, tsohon magani mai araha, yana rage ta da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. An kwatanta mutum 2,104 da 4,321, kuma kwamfuta ce ta maye gurbin ambulan. Ganin yadda ƙananan gwaje-gwaje marasa tsari suka yi yawa a lokacin annobar, Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a 2022 kan inganta gwajin magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2024, shekarar da aka sake sabunta Sanarwar Helsinki.

Ƙarshen rayuwa

An zaɓi Hill cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Sarauta a 1954, ya shugabanci makarantarsa daga 1955 zuwa 1957, ya yi ritaya a 1961, shekarar da Sarauniya ta ba shi sarautar Sir. Bayan bala'in maganin talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasar hannuwa da ƙafafu, ya yi aiki a kwamitin da Birtaniya ta kafa don tantance lafiyar magunguna. A shekarunsa na baya ya riƙa jan kunnen mabiyansa cewa gwajin ƙuri'a ba shi kaɗai ne hanyar sani ba, kuma sakamakon da ya dace da matsakaicin majiyyaci ba lallai ya dace da wanda ke gaban likita ba. Matarsa Florence, wadda ya aura a 1923, ta riga shi rasuwa. Sun haifi maza biyu da mace ɗaya. Ya rasu a arewacin Ingila ranar 18 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 93, shekara 74 bayan an dawo da shi daga Girka. A wannan shekarar aka fitar da bugu na 12 na littafinsa na ƙididdiga, wanda ya gyara tare da ɗansa.